'Yan Kunnen Uwargidan Wane

A cikin shekarar 1953 aka fito da wani wasan silima a birnin Faris ta ƙasar Faransa, aka sa masa suna Madame de..., watau in za a faɗa da Hausa sai a ce "Uwargidan Wane". Sunan ke nan, ba a ƙarasa shi ba. Tun daga farkon wasan har ƙarshensa ba a yarda mai kallo ya san sunan gidan nan ba. In za a ambace shi sai wata ƙara ta danne maganar, in kuwa a rubuce ya ke sai wani abu ya tare rabin rubutun. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, gama mu ma in za mu ba da labarin abin kunya na gidan manya, "wane" da "wance" mu kan ce, kowa kuwa ya gane.

Wanda ya shirya wasan sunansa Max Ophuls, Bayahude ne haifaffen Jamus. An haife shi cikin 1902, ya bar ƙasarsu cikin 1933 sa'ad da Hitila ya hau mulki, ya zauna Faransa, yaƙi ya sake korarsa zuwa Amurka, bai komo ba sai bayan an daɗe da ƙare yaƙin. Ya rasu cikin 1957. Labarin kuwa daga wani ɗan ƙaramin littafi ya ɗauko shi, wanda wata mata, Louise de Vilmorin, ta wallafa cikin 1951. Mutum uku ne ginshiƙan wasan. Danielle Darrieux ita ce uwargida Luwiza, Charles Boyer shi ne mijinta, wani Janar na sojan Faransa, sai Vittorio De Sica, mutumin Italiya, wanda ya fito a matsayin Baron Donati, ma'aikacin jakadancin ƙasarsa. Hoton baƙi da fari ne, tsawonsa bai kai sa'a biyu ba.

Samarin ƙasar Dutse da su kan shiga Kano a wancan zamani su leƙa Rex ko Palace, ba irin wannan suka saba gani ba. Na kaboyi aka fi kawo musu, daga baya kuma na Indiya suka cika gari. Matan aure kuwa ko kusa ba su zuwa. Yanzu da ya ke tsofaffin wasanni sun shiga wayar hannu, mutumin Limawa yana iya kallonsa zaune a zaurensa. Ya kuwa kamata ya kalla, don abin da ya kashe auren nan na Faris ba baƙo ba ne a unguwarmu.

Ga yadda abin ya faro. Uwargida Luwiza mace ce mai son ado da yawon biki, bashi ya yi mata katutu, ba ta kuwa so mijinta ya sani. Farkon abin da za ka gani ba fuskarta ba ce, hannunta ne yana buɗe akwatuna da durowoyi, yana shafa sarƙoƙi da riguna, tana neman abin da za ta iya rabuwa da shi. Wannan ta ce a'a, wancan ta ce ba ta iyawa. Daga ƙarshe ta zaɓi wasu 'yan kunne na lu'ulu'u masu siffar zuciya, waɗanda mijinta ya ba ta kyautar aure. Mai karatu ya lura da wannan, don nan ne mai wasan ya ajiye mabuɗin labarinsa duka: cikin dukan abin da matar nan ta mallaka, kyautar mijinta ce ta fi araha a wurinta. Ta kai su wurin attajirin da aka saye su gare shi tun farko, wani mai suna Remi, ta sayar. Da dare ya yi, suna gidan wasan waƙe-waƙe, sai ta taɓa kunnenta ta ce sun faɗi.

Wace unguwa ce ba a taɓa yin haka ba? Mace ta ci bashin biki, ko zubin adashi ya zo ba ta da shi, sai ta kira dillaliya ta ƙulle mata 'yan kunnen lefenta a bakin zane, a kai su can wani gida, ko a bi da su kasuwar Shuwarin inda ba mai gane su. In maigida ya tambaya, ta ce a gidan suna suka ɓace. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai akwai wani bambanci wanda in ba a san shi ba, ba za a gane tsoron Luwiza ba. A shari'armu ta Malikiyya sadakin mace da kayanta nata ne, ta sayar in ta ga dama, abin da aka hana ta kawai shi ne ta kyautar da fiye da sulusin dukiyarta ba da yardar miji ba. Matarmu in ta ɓoye, kunya ce ta sa ta. A Faransa kuwa, tun daga dokar Nafoliyon ta 1804, matar aure a ƙarƙashin ikon mijinta ta ke wajen sha'anin dukiya, ba a kuwa yarda mata ta buɗe ajiyar banki ko ta kama aiki ba da izininsa ba sai cikin 1965. Labarin nan kuwa wajen 1900 aka ce ya faru. Ashe mace mai barori da keken doki, wadda ta ke tsoma hannu cikin zinariya, ba ta kai mai sayar da ƙuli-ƙuli ta Limawa iko da abin hannunta ba.

To, ramin ƙarya ƙurarre ne. Jarida ta buga cewa an yi sata a gidan wasa. Remi ya ji tsoro kada a ce shi ya sayi kayan sata, ya ɗauki 'yan kunnen ya tafi wurin Janar a asirce, ya gaya masa gaskiya. Janar ya yi dariya, ya biya, ya karɓa. A nan ne, a ganina, auren ya karye, ko da ya ke har yanzu ba wani namiji da ya shigo tsakani. Da mutumin nan ya komo gida ya ajiye su gabanta ya ce, "Ga kayanki, nawa a ke binki?" da an yi kuka, an yi faɗa, an shirya, wasa ya ƙare cikin minti goma sha biyar. Bai yi haka ba. Ya bar ta tana ta ƙara ƙarya bisa ƙarya, yana kallonta yana murmushi, kamar akawun da ya ga kuskure a littafin abokin aikinsa ya yi shiru, ya lanƙwasa shafin ya ajiye don wata rana. Sa'an nan ya ɗauki kyautar aurensa ya ba farkarsa, wata mai suna Lola, wadda ya gaji da ita, ya sa ta a jirgin ƙasa zuwa Santambul. Laifi tudu ne. Mutane da yawa su kan ce wasan nan labarin mace ne mai cin amanar miji, su manta wanda ya fara.

Daga nan 'yan kunne suka shiga duniya. Lola ta zuba kuɗinta a caca bisa lamba 13, aka cinye, ta sayar da su. Baron Donati ya gan su a kanti a Santambul ya saya, bai ma san wadda zai ba ba. A kan hanyarsa ta zuwa Faris ya hangi Luwiza a wurin kwastan, bayan 'yan kwanaki kuma kekunan dokinsu suka yi karo a titi. Wani zai ce wannan dace ya yi yawa, ya zama tatsuniya. Gaskiya ne, amma ban ga aibinsa ba. Mu da muka tashi da labarun zoben da aka jefa kogi aka same shi a cikin kifi, ba mu ne za mu yi ƙorafi ba. Mai wasan ma bai ɓoye ba, yana yi yana ƙyafta mana ido.

Wurin da gwanintar Ophuls ta fi fitowa shi ne wurin rawa. Janar ya tafi atisaye da sojojinsa, ya bar matarsa tana zuwa taron manya, ya kuwa san Baron yana nan, har ya yi masa ba'a ya gargaɗe shi cewa matar nan gwanar ja wa maza rai ce. Sai aka nuna su suna rawa irin tasu ta Turawa, suna juyawa. Ba a yanke ba, sai ka ga tufafinsu sun sake, ɗakin ya sake, ashe wani dare ne dabam. Su sake juyawa, wani daren kuma. Da fari kwana huɗu ke tsakanin haɗuwarsu, ya komo biyu, ya komo kwana ɗaya ma ya yi musu tsawo. Da fari suna raha, yana tambayarta lafiyar maigida, a hankali raha ta ƙare, tambayar ma ta ƙare. Daga ƙarshe kowa ya watse, makaɗa suna naɗe kayansu suna gunaguni, bara yana bi yana kashe kyandirori, su biyu suna nan suna juyawa cikin rigunan fita. Cikin 'yan mintoci kaɗan an nuna maka yadda wasa ya ke zama gaske, ba wanda ya tsaya ya yi maka bayani. Na'urar ɗaukar hoton, wadda Christian Matras ya riƙe, ba ta zama wuri ɗaya, bin mutane ta ke yi kamar zagi, ta hau bene, ta leƙa ta taga, ta kewaya ginshiƙi. Sai ka ji kamar mutanen nan in sun tsaya cik za su faɗi, shi ya sa ba su tsayawa.

Akwai kuma wurin da Luwiza, bayan ta gudu zuwa Italiya don ta manta da shi, ta kekketa wasiƙa ta watsa ta tagar jirgi, gutsattsarin takarda suka bi iska suka rikiɗa suka zama ƙanƙara mai sauka. Wannan ya yi kyau ƙwarai, ko da ya ke ni na fi son kyandirorin.

Kafin tafiyar nan Baron ya ba ta kyauta. Ta buɗe, sai ga 'yan kunnenta. Abin da ta raina jiya ta sayar don biyan bashin tela, yau ta rungume shi tana sumbata a ɓoye. Lu'ulu'un nan bai ƙaru da ko ƙwayar gero ba, hannun da ya miƙo shi ne ya sake. Ba na tsammanin akwai wata hanya da za a nuna wa miji matsayinsa wadda ta fi wannan ciwo. Don ta sami damar sa su a fili sai ta sake wata ƙaryar, ta tura su cikin safar hannu, ta yi kamar ta tsince su gaban mijinta, shi kuwa ya san inda ya kai su da hannunsa. Baron ma ba ta gaya masa asalinsu ba. Ƙarya biyu ke nan, ɗaya ga miji, ɗaya ga masoyi, ta biyun kuwa ita ta kashe ta. Gama da Janar ya ja Baron gefe a wurin taro, cikin ladabi, ya gaya masa tarihin abin da ya saya, sai Baron ya janye jiki. Ba tsoron miji ya kore shi ba. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne, yadda ta ke yi wa mijinta haka shi ma ta yi masa.

Yanzu bari mu ɗauki shari'ar nan mu kai ta gaban alƙali a Dutse, mu gani. Mene ne aka gani da ido? Rawa, da wasiƙu, da haɗuwa a keken doki, da sumba. Haram ne, ba shakka, amma ba shaidu huɗu, ba iƙirari, ba abin da ɗalibin da ya karanta Risala zai kira zina. Wanda ya furta kalmar ma shi zai sha bulala tamanin ta ƙazafi. Wanda wasan ya nuna ƙarara yana da farka shi ne maigida. Dokar Faransa ta wancan zamani kuwa ta 1810 ce, wadda ta ce matar da aka kama a ɗaure ta daga wata uku zuwa shekara biyu, miji kuwa tara ce kawai, ita ma sai in ya ajiye farkar a cikin gidan aurensa. Ba a soke wannan ba sai cikin 1975. Janar bai ajiye Lola a gida ba, sabo da haka a idon doka wankakke ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki game da mutumin nan, bai damu da a yi wasa da matarsa ba. Yana ma alfahari da yawan masu kewaye ta. Abin da ya kasa ɗauka shi ne da ya ga suman ƙaryar da ta saba yi don ta sami abin da ta ke so ya zama suman gaske, ran da Baron ya faɗo daga kan doki a wurin farauta. Charles Boyer ya yi wasan nan da kyau har ba ka iya ƙin mutumin gaba ɗaya. Akwai inda ya ke bin tagogin ɗaki yana rufewa ɗaya bayan ɗaya kamar yari, yana gaya mata yana sonta da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron kada ta ji. Ashe yana sonta. Shekara da shekaru suna kwana ɗaki dabam-dabam, suna ɗaga murya suna yi wa juna sai da safe ta ƙofa, ba ɗa ba jika, bai taɓa faɗi ba sai da ya ga ta tafi.

A nan ne mai kallo Bahaushe zai yi ta dube-dube yana neman wasu mutane, ba zai gan su ba. Ina waliyyinta? Ina gwaggo, ina kawu, ina aminin maigida da zai zaunar da shi? Ba kowa sai wata tsohuwar mai renonta da ke duba mata da karta. A wurinmu aure yana da ƙofofi. Mace ta yi yaji, a yi biko, manya su zauna kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. In abin ya ƙi, ga saki, ga hul'i, ta yi idda ta auri wanda ta ke so, ba wanda ya mutu. Ba na cewa mun fi su tsarki. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin tsohuwar a ƙasar Zazzau aka buga cikin 1954, shekara ɗaya bayan wasan nan, ya faɗi zancen kwartanci da masu kai saƙo tsakani ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ƙofofin namu ma sau da yawa sun cika saurin buɗewa, har a kan saki mace a kan gishirin miya. Amma gidan Janar ba shi da ƙofa ko ɗaya. Dokar ƙasarsu ta komo da kashe aure tun 1884, sai dai ga irin waɗannan manya, masu bin ɗariƙar Katolika, abin ba ya ko faɗuwa a baki. Sai ladabi, da murmushi, da sumbatar hannu, kowa yana ci yana ƙonewa.

Sauran labarin gajere ne. Janar ya umarci Baron ya mayar wa Remi da 'yan kunnen, ya sake saye, ya nuna wa matarsa, ta yi farin ciki har da hawaye, sa'an nan ya tilasta ta ta kyautar da su ga wata 'yar ɗan'uwansa da ta haihu. Wannan mugunta ce tsantsa, ba horo ba. Yarinyar kuwa mijinta yana cikin bashi, ta sayar wa Remi. Remi ya sake zuwa wurin Janar, wannan karon aka kore shi. Luwiza ta tattara sarƙoƙin nan da rigunan nan da ta kasa rabuwa da su da farko, ta sayar duka, ta fanshi abin da ta fara yarwa. Da Janar ya ga haka sai ya nemi Baron da faɗa bisa wata 'yar magana da ya yi game da soja, ya kira shi su harbi juna gaban shaidu, yadda manyan Turawa su kan yi a da.

Ina da abin da zan soki wasan da shi. Na farko, ya ƙawata abin ƙwarai da gaske. Fitilu, da madubai, da kiɗan Oscar Straus mai sanyaya jiki, duk suna jan zuciyar mai kallo zuwa wajen masoyan nan, har yaro mai ƙaramin hankali ya ɗauka neman matar wani wata irin daraja ce. De Sica kuwa, wanda shi kansa gwanin shirya wasa ne, shi ya yi na ɓarayin keke cikin 1948, ya ba Baron kwarjini da kunya har ka manta kwarto ne. Mutumin da ya ci abinci a gidanka, ya kira ka aboki, sa'an nan ya aika wa matarka da wasiƙa, a Limawa sunansa ɗaya ne. Sai kuma zancen ibada. Sau biyu matar nan ta shiga coci da buƙata. Da fari ta roƙa attajiri ya sayi kayanta, daga ƙarshe ta ajiye 'yan kunnen can ta roƙa kada harsashi ya sami masoyinta. Wasu masana na Turai sun ce wannan alama ce ta cewa wahala ta tsarkake ta. Ni ban ga tuba a nan ba. Ciniki na gani, na farko da na biyu, sai dai na biyun ta biya da abin da ta ke so da gaske. Ban kuwa ji ta ambaci mijinta ba ko sau ɗaya, alhali shi ma gaban bindiga zai tsaya.

Duk da haka ina fifita shi bisa yawancin wasanninmu na Hausa da suka taɓa wannan magana tun daga 1990, lokacin da aka yi Turmin Danya a Kano sana'ar ta kafu. Namu su kan raba mutane gida biyu tun daga farko, ga shaiɗaniya ga bawan Allah, a ƙarshe a kawo malami ko ɗan sanda ya yi jawabi. Mai kallo ya tashi yana jin shi ba ya cikinsu. Littafin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda aka buga a Zariya tun zamanin Ofishin Talifi, ya fi su kusa da abin da na ke nufi, gama a can ma mai dukiya da wanda aka ƙwace wa budurwa duka suna da hujja, duka kuwa sun yi hasara. Ophuls bai ba ka wanda za ka jefa da dutse hankalinka kwance ba.

A littafin Vilmorin ba a yi harbi ba, mai wasan ne ya ƙara shi. Luwiza ta taho da gudu tana hawan tudu, tsohuwar nan na biye da ita. Janar ne zai fara harbi, don shi aka ce an ɓata wa. Suka ji ƙara ɗaya. Suka tsaya suna sauraron ta biyu, ba ta zo ba. Ta jingina da itace, zuciyar nan da ta daɗe tana ƙaryar ciwonta ta tsaya. Ba a nuna gawar Baron ba, ba a kuma nuna fuskar Janar ba. Abin da aka nuna 'yan kunnen ne a coci, kyandir yana ci, da ɗan allo an rubuta cewa kyautar Uwargidan Wane ce. In an bi lissafi, Remi ya sayar da abu ɗaya sau huɗu, uku ga miji, ɗaya ga mata, ya kuma saye shi sau uku. Daga ran nan bai ƙara cin ko anini a kansu ba.